Kunnen Baba Akawu

Jikata da ke zaune wurina a Narayi ce ta tono mini wannan zancen, ita ba ta ma sani ba. Tana fama da aikin makarantarta a kwamfuta, ta baje littattafai a kan teburin cin abinci har babu wurin ajiye kofi, sai na ji ta ce, "Kaka, ke da kika yi aikin ofis, wannan kalmar ta Turanci da harafin yu ake rubuta ta ko babu yu?" Sai da zuciyata ta yi fari. An daɗe rabon da wani ya tambaye ni abin da na sani. Na gyara zama, na laluba tabarau, na buɗe baki zan ce mata duka biyun daidai ne, ya danganta da wanda za a aika wa, sai ta ce, "Bar shi ma, Kaka, ya gyara." Ta danna wani abu, jan layin da ke ƙarƙashin kalmar ya ɓace, ta wuce gaba. Na rufe bakina da amsata a ciki. Ban ji haushinta ba, yarinya ce mai hankali, injin kuma bai yi mata ƙarya ba. Amma na wuni ranar ina jin ƙarar tafireta a kunnena.

Sa'ad da na fara aiki, masaƙu ne ke tashin wannan gefen kogin Kaduna daga barci. Jiniya za ta yi kuka gari bai gama wayewa ba, sai ka ji kekuna suna gangarowa Kakuri ta kowace kusurwa, ƙararrawa na ta kaɗawa, 'yan Filato da 'yan Binuwai da mu na kudancin jiha da Hausawan ƙetaren gada, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a bayan sirdi. Narayin nan da yanzu mai keke mai ƙafa uku ba ya samun wurin juyawa, gonakin dawa ne da rogo, in ka ce a can kake sai a tambaye ka ko ba ka da dangi a gari. Barnawa ma a lokacin ake ta jera mata gidaje. Ni ban shiga ɗakin saƙa ba, kunnena ba zai ɗauka ba. Makarantar koyon buga tafireta na yi, aka ɗauke ni a ofishin wata masaƙa, a ɗakin buga takardu. Mu biyar ne mata, sai shugabanmu na shida, wanda kowa daga mai gadi har manaja ke kira Baba Akawu. Yanzu in na bi ta wurin a mota ba na juya kai, don ciyawa ta ci harabar, tagogin ofishin kuma an daɗe da kwashe su.

Wanda bai taɓa zama cikin tafireta shida suna aiki lokaci ɗaya ba, ba zai gane abin da nake nufi da ƙara ba. Kamar ruwan sama ne a kan rufin kwano, ga 'yar ƙararrawar ƙarshen layi, ga ƙarar tura kan inji ya koma farko. Ta ƙarar kawai Baba yake gane wacce ta yi kuskure, don hannun mutum yakan ɗan tsaya in ya san ya taka ba daidai ba. Sai ki ji ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ta bakin taga, me kika karya?" Sabuwar shiga ita ke zuwa da wuri. Ta cire mayafin kowane inji, ta bi haruffa da allura tana tono tawadar da ta daskare a cikinsu, ta goge da auduga da sifirit, ta canza ribin, wato ƙyallen tawada, ta jera takardun kabon. Wata shida yatsuna ba su rabu da baƙi ba, har a coci nakan ɓoye su ƙarƙashin littafin waƙoƙi. In sitansil za a buga, wato takardar nan mai kaki da ake gurza kwafi da yawa da ita, to ranar ba mai dariya, don in kin yi kuskure sai kin shafa wani jan ruwa mai warin jan farce, ki hura masa iska, ki jira, kuma duk wanda ya karɓi kwafi zai ga tabon. Yaran yanzu suna share shafi guda da yatsa ɗaya ba wanda ya sani. Mu kuwa in ɗaya ta yi kuskure, ɗakin gaba ɗaya sai ya ji warinsa.

Baba mutumin Unguwar Sanusi ne, dogo, siriri, kullum cikin farin kaftanin da bai taɓa sanin tawada ba, har yau ban san yadda yake yi ba. A hannun Turawa ya koyi aiki tun yana saurayi, Turancinsu kuma ya zauna masa a ka daram, na Ingila tsantsa. A kan teburinsa akwai wani ƙamus mai kauri kamar bulo, bangonsa ya tafi, an ɗaure shi da igiyar zare a ƙafar tebur don kada wani ya ara ya manta. Ban taɓa ganin ya buɗe shi don kansa ba, sai dai ya tura ki ki duba ki ga cewa gaskiyarsa ce. Mutane har daga ɗakin rini suke zuwa da 'yar takarda a hannu lokacin hutun rana. Wannan zai nemi hutu, yana so ya san yadda ake rufe wasiƙa in ba ka san sunan wanda kake rubuta wa ba. Wancan sakataren ƙungiyar garinsu ne, sun yi gardama a taro a kan ko kalmar shawara a Turanci da harafin si ake rubuta ta ko da es, har wasu sun fita da fushi. Wani katikis ne, malamin coci, mai shirya takardar ɗaurin aure. Baba zai saurara da ido a lumshe, ya ce, "In abin ne, si. In yin abin ne, es. Je ka gaya musu kowa ya riƙe rabin gaskiya, su koma taro." Ko goro ba ya karɓa. Amma fa yana ji da kansa a kan abin da ya sani. In manaja ya aiko rubutu da kalmar da ba ta zauna ba, sai Baba ya sa a gyara shiru, in an tambaye shi ya ce ai haka ranka ya daɗe ya yi niyyar rubutawa.

Dokar ɗakin da ta fi kowace ƙarfi ita ce wadda muke kira karatun biyu. Ba takardar da za ta fita sai mutum biyu sun zauna a kanta. Wadda ta buga za ta ja kujera gefen Baba, ta riƙe abin da ta buga tana karantawa da ƙarfi, shi kuma ya riƙe rubutun hannun manaja yana bi layi-layi da rula. Ƙarami ke karatu, babba ya saurara, ba a taɓa juyawa. Komai za ki faɗa, har waƙafi da aya, da Turanci muke kiransu, koma, fulsitof. In kika zo kan kalma mai wuya ki tsaya ki jero haruffanta ɗaya-ɗaya, si, o, el, o, yu, ar. In an gama, ke ki sa haruffan sunanki a ƙasa ta hagu, shi ya sa nasa kusa da naki, daga nan in takarda ta jawo magana ku biyu za a nema. Abin da ya fi yawan faɗa mana shi ne, "Ki karanta abin da ke takardar, ba abin da kika so bugawa ba." Na ƙi jinin karatun nan da farko. Bakina na ƙauye ne, yana harɗewa, sauran suna ƙunshe dariya a bayan injinsu. Daga baya ya zama abin da na fi so a duk wunin aiki.

Ni kuma Baba ya ƙara mini wani aikin da bai ba kowa ba. Kowace safiya in masinja ya kawo tarin rubuce-rubucen manajoji, kafin a raba mana, sai ya ce in zauna in karanta masa su duka, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce don in saba da hannun manya ne, tun da wani rubutunsa sai ka rantse kaza ce ta yi tono. Na ɗauka tsana ce, har na je gida na yi wa yayata ƙorafi cewa tsohon nan ya sa mini ido. Ban lura cewa ya daina hawa kekensa ya koma motar ma'aikata ba, yana cewa gwiwa ce ke damunsa. Ban lura cewa kofinsa da bironsa da rularsa kowanne yana da wurin zamansa ba, kuma in mai shara ya gusar da ɗaya ranar faɗa ake yi. Ƙuruciya ce, kowa kansa yake kallo.

Wata rana da hantsi na buga wata doguwar wasiƙa zuwa ga masu kawo mana auduga. Na ja kujera, na miƙa masa rubutun hannun, na fara karatu. Ya ɗora rula yana saukowa da ita daidai da muryata. Sau biyu ya tsayar da ni, ɗaya a kan kalmar da na ninka wa harafi, ɗaya a kan jimlar da na ci wa kalma, duka kuma gaskiyarsa ce. Sai da muka kai ƙarshe na miƙa hannu zan karɓi takardar na ga ashe ba ita na ba shi ba. Jerin sunayen masu tafiya hutu na ɗauko bisa kuskure, rubutun wasiƙar yana can kan teburina ƙarƙashin kabon. Tun daga sama har ƙasa Baba ya bi jerin sunaye da rula yana gyara mini wasiƙar auduga. Ashe abin da nake karanta masa da safe haddacewa yake yi, rular nan kuwa don idon mutane ce. Numfashina ya canza, shi kuwa mutum ne mai jin tsayuwar yatsa a kan inji daga ƙarshen ɗaki. Ya ce a hankali, "'Yar nan, in an tashi hutun rana ki kawo mini buta bayan ofis."

Akwai wata bishiyar mangwaro a bayan ofis inda yake sallar azahar. Na kai masa ruwan, na tsaya gefe har ya idar. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce shekara biyu ke nan abin yana cin idonsa ta gefe-gefe, yanzu haske da duhu yake gani da siffar mutum, rubutu kuwa sai dai ya san akwai baƙi a kan fari. Ya je asibiti a ɓoye, likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiya ce, ba ta da gyara.

"Saura wata tara in cika shekarun aikina," ya ce. "In na cika, zan fita ta babbar ƙofa da haƙƙina cikakke. In suka gane yau, gobe likitan kamfani zai sa hannu a sallame ni, abin da za su ba ni kuma ba zai riƙe gida ba. Ina da 'yan makaranta huɗu. Ban ce ki yi ƙarya ba, ɗiyata. In an tambaye ki, ki faɗi abin da kika gani."

"Baba, ni jerin hutu kawai na gani," na ce.

Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Kin fara iya aikin ofis."

Tsoro ya kama ni ranar, ba zan ɓoye ba. Ni kaina ina cikin watannin gwaji, ba a tabbatar da ni ba tukuna, ga uwata a ƙauye ta gama gaya wa kowa 'yarta tana ofis a Kaduna. Amma tausayinsa ya fi tsoron yawa. Daga nan na koyi wasu 'yan dabaru. In baƙo ya shigo sai in riga kowa gaishe shi da sunansa, da ƙarfi. In Baba zai sa hannu sai in ɗora rula daidai wurin, kamar ina danne takardar kada fanka ta ɗauke ta. Sauran matan suka ce ina neman gindin zama, na bar su da maganarsu.

Da haka muka ci wata uku lafiya. Sai aka kawo sabon manajan ofis, wani saurayi ɗan gayu da ya yi karatu a Amurka, ga suma tuli a ka, ga takalmi mai tudu. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan, yana gaishe da Baba cikin girmamawa. Zafin kai ne kawai irin na wanda ya dawo da ilimi yana so a gani. Bai yi mako ba ya shigo ɗakinmu da sabon ƙamus mai sheƙi, ya ajiye shi a kan tsohon. Ya ce kamfani ya fara hulɗa da mutanen can a kan injuna, saboda haka daga yanzu duk wasiƙa da rubutun Amurka za ta fita, Baba ya fitar da jerin kalmomin da suka bambanta a manna a bango. Baba ya shafa bangon littafin ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ni kaɗai na ga hannunsa ya ɗan tsaya. Duk abin da ya riƙe shi a kujerar nan a kansa yake, rana ɗaya an ce abin da ke kan nasa ya tsufa, sabon kuwa yana cikin littafin da ko sunansa ba zai iya karantawa ba.

Sai muka buɗe makaranta a ƙarƙashin mangwaro. Kullum in ya idar da salla sai ya buɗe kwanon da maiɗakinsa ta ɗauro masa, dambu ko ɗanwake, ya tura mini rabi, ni kuma in buɗe ƙamus a cinya. Shi zai kawo kalma daga kansa, ni in nemo yadda mutanen can suka yi da ita. Mita kuwa na sha ta. "Nan ma sun cire yu? Me yu ta yi musu ne?" In na ce wannan el ɗinta ɗaya suka bari, sai ya ce rowar tawada ce ke damunsu. In na ce waccan sun juya mata wutsiya, sai ya ce to, sun sa wa kalma wando a ka. Abin da ya fi ba shi haushi kwanan wata ne, da suke sa wata kafin rana. Wata rana na tambaye shi, tsakani da Allah, wanne ne daidai. Na zaci zai ce na Ingila. Ya daɗe yana tauna goro kafin ya ce, "Ɗiyata, harshen nan ba na ubana ba ne, ba na ubanki ba. Masu shi ma ba su shirya tsakaninsu ba. Namu kawai in mun ɗauki ɗaya a sama mu sauka da shi har ƙasa, kada wasiƙa ta fita da takalmi a ƙafa ɗaya." Har yau wannan magana ba ta bar ni na huta ba. In ina cikin keke a Barnawa ina karanta allunan shaguna, ko a coci an miƙo mini takardar shirin biki, sai in ga layin farko Ingila, na biyu Amurka, na uku kuwa ba wanda zai ce nasa ne. 'Ya'yana sun hana ni zuwa ɗaurin aure da biro a jaka. An ce mini a cikin injinan yanzu akwai wurin da mutum zai zaɓi ƙasar da yake so da dannawa ɗaya. Mu mako uku muka yi a ƙarƙashin bishiya, ƙuda na bin kwano, tsohon da ya kusa sittin yana sake haddar abin da ya riga ya gama da shi tun ba a haife ni ba. Da kansa ya buga jerin, don yatsunsa ba su taɓa buƙatar ido ba, na karanta masa, muka manna. Manaja ya tsaya gaban jerin yana gyaɗa kai, ya ce tsofaffin hannu daban ne. Na ɗauka mun tsallake.

Abin da ya kama mu ba harafi ba ne. Sabon manajan yana da wata ɗabi'a da tsofaffin ba su da ita. In ya aiko rubutu da safe, can da hantsi sai wani tunani ya zo masa, ya shigo ya ɗauki takardar daga tiren da ake ajiye su, ya ƙara layi a gefe, ya mayar ya fita abinsa. Wata rana ya yi haka a kan wasiƙar da za ta je wa wakilan masu kayan gyaran inji a Legas, lokacin ina ɗakin gurza takardu. Abin da ya ƙara shi ne a dakatar da turo kayan sai an ji daga gare mu. Ni da na riga na karanta takardar da safe, sai na buga ta rabi da ido rabi da ka, ban kalli gefe ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Muka yi karatun biyu. Abin da na karanta ya yi daidai da abin da Baba ya haddace, ya sa hannu. Mai ido da ya kalli takardar sau ɗaya zai ga layin, don da jan biro aka yi shi. Bayan mako biyu sai ga mota daga Legas a bakin ƙofa, shaƙe da kayan da aka ce kada a turo.

Manaja ya shigo ɗakinmu ba sallama, kwafin wasiƙar a hannu ɗaya, rubutunsa a ɗaya. Injuna suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye rubutun a gaban Baba, ya buga yatsa a gefen takardar, ya ce da Turanci, "Baba, karanta mini abin da na rubuta a nan. Da ƙarfi, kowa ya ji."

Baba ya ɗauki takardar. Ya kawo ta kusa da fuska, ya ɗan janye ta. Na ga leɓensa ya motsa, na kuma san abin da zai fito, don na san shi, in aka tsare shi da tambaya ba zai kauce ba. Ban san lokacin da na tashi ba. Na zare takardar daga hannunsa na ce, "Yallaɓai, a ɗakin nan ƙarami ke karatu, babba ya saurara." Na karanta jan layin da ƙarfi. Sannan na ce ni ce ranar na ninke gefen takardar na maƙale da kilif don ta zauna mini a kan tebur, haka kuma na miƙa wa Baba a ninke, layin yana baya. Takardar ta riga ta sha ninki a fayil, ba wanda zai iya cewa wanne ne nawa. Ƙarya ce, ni kuma 'yar mai wa'azi ce, na roƙi gafara a kanta daga baya. Amma a lokacin ko nauyinta ban ji ba.

Manaja ya juyo kaina gaba ɗaya. Ya faɗa mini abin da ya faɗa. Sannan ya ce Baba ya buga mini takardar tuhuma ya gan ta a teburinsa kafin a tashi, ya kuma tsaya nan ya jero abin da za a rubuta da bakinsa. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe," amma manaja ya riga ya fita.

Takardar tuhuma, wadda muke kira kwiri, ba ƙaramin abu ba ce. Fayil take shiga ta zauna, in lokacin ƙarin girma ya zo ita ake fara gani. Babban akawu kaɗai ke buga ta. Sauran matan suka sulale hutun rana ba wadda ta kalle ni. Baba ya ja injinsa, ya sa takarda da kabon da lalube, ya daidaita. Ban taɓa jin ya buga abu a hankali haka ba, harafi ɗaya-ɗaya kamar mai koyo. Da ya gama ya zare ta ya riƙe a hannu. Doka ba ta ce ban da kwiri ba, kuma ba mai karanta masa sai ni. Na ja kujera na zauna.

Na karanta sunana a sama, na jero haruffansa. Na karanta cewa na yi sakaci, na jawo wa kamfani asara, in bayyana cikin kwana biyu dalilin da zai hana a hukunta ni. Ban tsallake ko waƙafi ɗaya ba. Da na kai ƙarshe na ce, "Baba, babu kuskure."

"Akwai," ya ce. "Sunan da ke sama."

Ya dafa tebur ya miƙe, ya gyara hularsa, ya nufi ƙofa. Na riga shi, na tsaya a gabansa.

"Matsa, 'yar nan."

"Baba, ai ni ce ban duba gefe ba."

"Ni kuma don in ga abin da ba ki gani ba aka ajiye ni a kujerar nan. Matsa."

"Ni yarinya ce, kwiri ɗaya ba zai kashe ni ba, ina da shekarun da zan wanke shi. Kai wata huɗu ya rage maka. Kuma in ka shiga ofishin can ba za a janye tawa ba, don na riga na yi ƙarya a gaban kowa. Sai dai a kore mu tare."

Wannan ce ta tsayar da shi. Ya gane na ɗaure shi, gaskiyarsa yanzu ni za ta fara ci. Sai ya koma ya zauna kamar an zare masa laka. Na ajiye takardar a gabansa na ɗora rula. Ya laluba biro, ya sa haruffansa biyu, ya ce, "Allah ya yafe mana." Na ce amin, na ɗauka na kai wa manaja da hannuna.

An ƙara mini wata shida a gwaji, da lokacin ƙarin girma ya zo kuma waɗanda suka shigo bayana suka wuce ni. Na ji zafi, ba zan ce ban ji ba, amma ban taɓa cewa da na sani ba. Baba ya cika watanninsa huɗu. Ran sallamarsa aka jera kujeru a ɗakin cin abincin ma'aikata, aka kawo lemo da biskit, maiɗakinsa da 'ya'yansa suka zo cikin ankon atamfar masaƙarmu. Manaja ya tashi ya yi jawabi mai kyau, da zuciya ɗaya kuma ya yi shi. Ya ce ku dubi mutumin nan da kyau, a duk shekarun aikinsa bai taɓa sa hannu a kan abin da ba gaskiya ba. Aka ɗauki tafi har ɗakin ya amsa. Baba bai ɗaga kai ba. 'Ya'yansa suna ta murmushi, sun ɗauka kunya ce irin ta manya. Ina layi na uku, hannuwana a cinya, na kasa tafawa. Na cece masa aikinsa da abincin gidansa, wannan gaskiya ne. Amma abin da aka miƙe ana yaba masa a kai ranar, ni ce na karɓe shi daga hannunsa, kuma a duk ɗakin mu biyu kaɗai muka sani.